Babu karen teku a Legas, to me za mu ƙirga a bakin ruwa?

Wani ƙanena da ke Idi-Araba ya aiko mini da tambaya, kuma tunda ba shi ne na farko da ya yi mini irinta ba, na ga gara in amsa a fili. Ga abin da ya rubuto: "Yaya, na kalli wani bidiyo na masu aikin sa-kai a Ingila, suna fita da sassafe cikin sanyi suna ƙirga wata dabbar ruwa da ake kira sil, da tsuntsayen da ke sheƙa a gaɓar teku. Abin ya burge ni. Akwai wannan dabbar a tekunmu na Legas? Yaya ake ƙidayar? Kuma irina da bai karanci wannan fanni ba zai iya shiga?"

Ƙanena, amsar farko gajeriya ce: babu. Daga Badagry har ka dangana da Kalaba, kilomita 853 na gaɓar tekun Najeriya, ba inda wannan dabba take zaune ko take haihuwa. Shi ya sa ma ba mu da sunanta a Hausa. Karen ruwa da muka sani na koguna ne, wata halitta ce dabam. Ni karen teku nake ce wa sil, saboda fuskarsa da gashin bakinsa, kuma da sunan zan ci gaba da kiransa.

Jikinsa na sanyi ne. Kitse ne mai kauri a ƙarƙashin fatarsa, kamar wanda ya naɗe da bargo ya faɗa ruwa, tekun Legas kuwa ɗumi gare shi kusan duk shekara. Sannan ga batun abinci. Inda ruwan sanyi ke tasowa daga can ƙasa, yana ɗauko takin da ke ciyar da ƙananan halittu, su kuma su tara kifi mai yawan gaske. A ɓangaren Afirka na tekun Atilantika wurare biyu ne suka shahara da wannan. Ɗaya a kudu, inda ruwan sanyi mai gudu da ake kira Benguela ke bin gaɓar Afirka ta Kudu da Namibiya har kudancin Angola. A Cape Cross ta Namibiya karnukan teku na taruwa dubbai a kan dubbai, suna haihuwa a Nuwamba da Disamba, dila da kura na zagayen gefen garken suna jiran ɗan da uwarsa ta yi sakaci. Ɗayan a arewa, wajen Nuwadibu ta Muritaniya. Mu muna tsakiya, cikin ruwan ɗumi. Jefi-jefi ɗaya kan ɓata hanya ya yo nesa da gida, amma ɓataccen matafiyi ba ɗan gari ba ne. Wanda ya ce maka ya ga sil a lagun ɗin Epe, wato tafkin nan da ke haɗe da teku, ayu ya gani.

Yadda ake ƙirga shi ne abin da zai amfane ka, don haka bari in ɗan tsaya a nan. Babban karen teku ba ya ƙirguwa yadda ake so. Yau yana shan rana a kan dutse, gobe yana can cikin teku yana farauta, wani sai ya yi kwanaki bai tako tudu ba. In ka tarar da 200 a kwance, ba ka san nawa ne a ruwa ba. Sai masana suka koma ƙirga jarirai. Irin da ka gani a Ingila, mai ruwan toka, macen kan fito tudu wajen ƙarshen shekara ta haifi ɗa guda, fari fat, da gashi mai laushi wanda bai dace da iyo ba tukuna. Shayarwar ba ta cika mako uku ba, da nonon da kusan rabinsa kitse ne, ɗan yana ƙara kamar kilo biyu kullum. Daga nan uwa ta juya ta koma teku, shi kuma ya zauna a wurin sai ya kaɗe farin gashin. Waɗannan 'yan makonni da jariri ba ya zuwa ko'ina su ne damar mai ƙidaya. Mace ɗaya, ɗa ɗaya, sau ɗaya a shekara: in ka san yawan jarirai ka san yawan matan da suka haihu, daga nan a lissafo sauran garken.

A tsibiran Farne da ke arewa maso gabashin Ingila, an shafe shekaru ma'aikata suna bin jariran suna fesa musu ɗan fenti marar illa, kowane zagaye da launinsa, don kada a ƙirga guda sau biyu. Ka ga yadda ake shafa wa raguna alama a kara kafin Babbar Sallah? Haka ɗin ne. Yanzu an fi ɗaukar hoto daga sama a zauna a ƙirga a kwamfuta. A Blakeney Point kuma, wata gaɓa a gabashin Ingila, jarirai 25 aka rubuta a 2001. Bayan shekaru kamar ashirin sun kai wajen 4,000 a shekara. A wurina wanda ya rubuta 25 ɗin nan shi ya yi babban aikin. Ya fita cikin sanyi don abin da bai taka kara ya karya ba, ba wanda ya ɗauke shi hoto, amma ba don shi ba da 4,000 ɗin nan ba ta da abin da za a gwada ta da shi.

Na Muritaniya labarinsu ya fi tayar da hankali. Wani iri ne dabam, yana cikin dabbobin teku mafi ƙaranci a duniya, kuma a cikin kogunan dutse da igiya ke shiga yake haihuwa. A 1997 wata annoba ta faɗa musu, cikin 'yan watanni garken da ya kai kimanin 300 ya koma kimanin 100. Masana sun rabu biyu a kan musabbabi, wasu suka ce guba ce daga wasu ƙananan tsiron teku, wasu suka ce ƙwayar cuta ce. An san girman asarar ne saboda an riga an san dabbobin ɗai-ɗai, ta tabon da ke jikinsu da farin tambarin da ke kan tumbin manyan maza. Daga baya aka killace gaɓar, aka daidaita da masunta a kan inda za su riƙa sa taru, aka kafa kyamarori a bakin kogunan, masu gadi na kallo daga saman dutse ba tare da sun sauka ba. Garken ya farfaɗo ya sake haura 300.

Tsuntsayen da ke sheƙa dubbai wuri guda, su ma ba mu da irin taronsu a Legas. Tsibiri suke so, ko tsaunin da kare da ɓera da mutum ba sa kaiwa, mu kuwa yashi ne shimfiɗe tun daga iyakar Seme. Babban taro mafi kusa da mu yana tsibiran Tinhosa, wasu duwatsu da ba kowa a kansu a kudu da tsibirin Principe na ƙasar Sao Tome da Principe. Sai na Senegal, a mashigar Salum da Langue de Barbarie, da tsibiran Bijol na Gambiya, da Banc d'Arguin ta Muritaniya. A irin waɗannan wurare sheƙa ake ƙirgawa, ba tsuntsu ba, don tsuntsu yana tashi ya dawo, sheƙa kuwa tana nan inda take. Kuma ba a daɗewa a ciki. Minti kaɗan in iyaye suka tashi daga kan ƙwai, rana da masu satar ƙwai sun gama aikinsu.

To me ya rage mana? Da yawa, kuma kusan ba mai rubutawa.

Akwai baƙi masu zuwa cin rani. Daga Satumba zuwa Afrilu gaɓarmu masauki ce a kan hanyar da tsuntsaye ke bi daga ƙarshen arewacin duniya su gangaro ta Turai da yammacin Afirka. Akwai wata 'yar fara mai gudu a gaban igiya, igiya ta janye ta bi ta, igiya ta dawo ta ruga, nauyinta kamar giram 60 ne kawai, amma a can ƙasashen ƙanƙara irin Girinlan take ƙyanƙyasa. Akwai mai dogon baki lanƙwasasshe da ke farautar ƙaguwa a bakin lagun. Akwai farare masu siririn fiffike da wutsiya mai reshe biyu, masu tsayawa a iska sannan su faɗa ruwa da baki su ɗauko kifi. Su nake kira tsattsewar teku, kuma iri-iri ne, wasu daga Ingila da Holan, wasu daga Senegal. Ban da baƙi akwai 'yan gida masu yin ƙwai a yashinmu, ga kunkurun teku, ga ayu a lagun.

Ita kanta gaɓar ba ta zauna wuri ɗaya ba, wannan ne ya sa nake cewa Legas ta fi Ingila bukatar mai littafi. Igiya a nan tana tura yashi daga yamma zuwa gabas. Tsakanin 1908 da 1912 Turawa suka gina katangun dutse a bakin mashigar tashar jiragen ruwa, katangar yamma ta riƙa tare yashin. Ɓangaren Lighthouse, bayan Tarkwa Bay, ya yi ta faɗi, Bar Beach kuma ta yi ta zaizayewa har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello. Yau Bar Beach ɗin da muka sani tana ƙarƙashin Eko Atlantic, sabuwar unguwar da aka cike teku ake ginawa. Gabas kuma ga tashar jiragen ruwa ta Lekki da aka buɗe a 2023, ga matatar Dangote, ga titin Legas zuwa Kalaba da aka soma a 2024. Ban ce kada a yi gini ba, 'yan'uwanmu da yawa a can suke cin abinci. Amma ranar da za a zauna a ce a bar wa tsuntsaye wani yanki, abin da za a fara tambaya shi ne ina shaida. "Da can suna da yawa" ba shaida ba ce. Dattawanmu a gida sun san lokacin isowar shamuwa har suna shirya iri da ita, amma ka tambayi wani sheƙa nawa ne a kan kukar garinsu shekara talatin da suka wuce, sai ya ce maka da dai yawa.

Ga yadda za ka fara. Zaɓi yanki guda wanda za ka iya zuwa ko aljihunka ya yi sanyi, kilomita ɗaya ko biyu, mai farko da ƙarshe da ba sa gushewa, misali daga katangar dutse zuwa wani gini. Kada ka sa bukka ko kwalekwale a matsayin alama, wata mai zuwa ba za ka same su ba. Wannan yankin za ka riƙa bi, ta hanya ɗaya, da tafiya iri ɗaya, sau biyu a wata in da hali. Mai zuwa sabon wuri kowane mako yawon buɗe ido yake yi, ko da ya ga tsuntsaye fiye da kai.

Lokaci kuma teku ne ke tsara shi, ba agogo ba. Yana cika sau biyu ya janye sau biyu a yini da dare, kuma kullum lokacin na ƙara jinkiri da kamar minti 50. Wata ne ke jan sa, mu da ke bin lissafin wata mun samu sauƙi: cika mafi girma tana zuwa a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen sha huɗu, sha biyar. A Legas tazarar cika da janyewa kamar mita ɗaya ce kawai, amma ta isa ta sauya lissafinka. In ruwa ya janye tsuntsaye sun bazu suna kiwo, wasu sun shige lagun. In ya cika sai su taru wuri guda su huta, a nan suke ƙirguwa. Saboda haka in ka ƙirga wannan watan a kan cika, wata mai zuwa a kan janyewa, ba ka da abin kwatantawa. Jadawalin cikar teku yana intanet, sojojin ruwa ma suna buga nasu. Ka zaɓi ranar da cikar ta faɗo da safe, kuma ka bi gaɓar yadda rana za ta kasance a bayanka, don tsuntsun da ke tsakaninka da rana baƙar inuwa ce kawai.

In garken ƙarami ne, ɗai-ɗai. In babba ne, ƙirga goma, ka riƙe girman wurin da suka ci a idonka, ka riƙa aza shi a kan sauran: goma, ashirin, talatin. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai idon sabon shiga kusan kullum ragewa yake yi in garke ya yi yawa. Maganinsa ka ƙiyasta, ka ɗauki hoto, ka koma gida ka ƙirga a hoton ka ga nawa ka kauce. Dillalan shanu a Oko-Oba da za su kalli garke su faɗi adadi ba gado suka yi ba, yau da gobe ce. In ku biyu ne, kowa ya rubuta nasa kafin ya ji na ɗan'uwansa. Abin da ba ka gane irinsa ba, rubuta "tsattsewar teku, ban tantance ba". Wannan ya fi sunan da ka cinka. Kowane fita ka sa rana, lokacin farawa da gamawa, yanayin ruwa da iska, da yawan mutane da karnuka da dawakai da baburan yashi da ka tarar.

Kuma ka rubuta sifili. Wannan ne ke gagarar kowa. Mutum ya biya kuɗin mota da na kwalekwale, ya sha rana, bai ga komai ba, sai ya rufe littafi ya ce yau ba a dace ba. An dace. Ka je, ka duba awa biyu, babu: wannan bayani ne cikakke. Shafin da aka bari fari kuwa ba wanda zai san ko tsuntsaye ne ba su zo ba ko kai ne ba ka zo ba.

Batun sheƙa, a nan nake son ka fi yin hattara, don ni kaina na yi ɓarna kafin in koya. Akwai wata 'yar tsuntsuwa mai farin goshi, launin bayanta sak na yashi, dangin zakaran ƙeƙuwa ce amma ƙarama ƙwarai. Ba ta gina komai. Ɗan gurbi take yi da ƙirjinta sama da inda igiya ke tsayawa, ta sa ƙwai yawanci biyu masu ɗigo-ɗigo, ta kwanta a kai kusan wata guda, ita da namijin suna karɓa-karɓa. In ta hango ka sai ta watsa wa ƙwan yashi da ƙafa ta sulale. In ka matso sosai sai ta riƙa jan fiffike a ƙasa kamar karyayya, don ka bi ta ka bar wurin. Da tsakar rana ba ɗumama ƙwan take yi ba, inuwa take yi masa, wani lokaci har ta jiƙo gashin cikinta ta dawo. Ka taɓa taka yashin Lekki ba takalmi da azahar? To a kansa ƙwan yake.

Sheƙar farko da na samu a wata gaɓa gabas da Ajah, murna ta sa na kafa ɗan itace kusa da ita don kada ta ɓace mini, na kuma riƙa zuwa kai-tsaye in durƙusa in ɗauki hoto. Kwana na uku na tarar da gurbin wayam, ga sawun hankaka kewaye da shi, ga sawuna ni ma ya yi layi tun daga nesa har bakin gurbin, kamar na share masa hanya. Hankaka yana kallon mutum, ya san inda aka tsaya aka sunkuya akwai wani abu. Garin neman gira na rasa ido. Tun daga ranar ba na kafa alama a kusa. A waya nake adana wurin, ko in auna taku daga wani abu mai nisa. Daga nesa nake duba da madubin hangen nesa, in na ga uwa a kwance na rubuta "tana kai" na wuce, bayan kwana huɗu ko biyar in sake dubawa. Alamar ka matso da yawa ba ta da wuya: tsuntsu ya daina abin da yake yi ya koma kallonka. Ga masu karen teku ma ƙa'idar ke nan, shi ya sa ake cewa a tsaya kamar mita 100, don uwar da aka firgita tana iya tserewa ruwa ta bar ɗanta. Kuma kada ka sa ainihin wurin sheƙa a Facebook.

Abin da ake nema daga sheƙa ba yawanta kaɗai ba ne, ƙarshenta ake so a sani: ta ƙyanƙyashe, ko igiya ta kwashe, ko an taka, ko an cinye. Gaɓa na iya cika da sheƙa amma ba ɗan tsako ko guda da ya kai ga tashi, kuma mai ƙirga manya kaɗai ba zai farga ba sai bayan shekaru, ranar da tsofaffin suka ƙare.

Ka riƙa duba ƙafafu. Wasu tsuntsayen suna ɗauke da zoben ƙarfe mai lamba, wasu da zobba masu launi ko 'yar tuta mai haruffa da za ka iya karantawa daga nesa. Rubuta wace ƙafa, wane launi ne a sama, wanne a ƙasa, don jerin launin shi ne sunan tsuntsun. Akwai wata 'yar ƙaramar tsattsewar teku da ake kira ta Damara, mai baƙin baki, wadda ke yin ƙwai guda ɗaya tak a hamadar gaɓar Namibiya, ba nisa da inda karnukan tekun nan suke. In ta gama, sai ta yo arewa, ta iso mana a cikin damina, lokacin da baƙin Turai suka koma gida. Gaɓar Lighthouse tana cikin wuraren da aka daɗe da sanin tana sauka, kuma an taɓa ganin mai alamar Namibiya a nan Legas. Ba su da yawa a duniya. Ga alakarmu da ƙasar sil ɗin da kake tambaya: shi ba ya zuwa, maƙwabciyarsa tana zuwa kowace shekara, tana tsaye kusa da kwalekwalen masunta ba wanda ya kula ta. In ka tsinci mataccen tsuntsu da zobe, lambar da adireshin da ke jiki ake bukata. Na Ingila ƙungiyar nazarin tsuntsaye ta BTO ke riƙe da rajistarsu, na kudancin Afirka kuma ofishin rajistar zobba na SAFRING a Kef Tawun, kuma sukan maido maka da tarihin tsuntsun. In ka ga yara sun ɗana tarko, kada ka saya don ka saka, gobe za su kamo biyu. A Gana wannan kamun ya taɓa zama babbar matsala, kuma da aka kafa shirin ceton tsuntsayen gaɓa a 1985, ta makarantu da ƙungiyoyin yara aka bi.

Da ɗan gari akan ci gari. Kai sau biyu a wata kake zuwa, amma akwai masu kwana a wurin, kuma da yawansu namu ne: masu gadin gidajen shaƙatawa, masu ba da hayar doki, masu tsire, 'yan jari-bola da ke bin gaɓa da asuba. Wani mai doki, mutumin ƙasar Sakkwato, shi ya fara nuna mini sawun kunkurun teku. Ya ce ya ɗauka taya ce ta tarakta ta fito daga ruwa ta koma. Na babban, mai baya kamar fata, faɗinsa kan kusa mita biyu. Na ƙaramin da ya fi yawa a nan bai kai mita ɗaya ba. Da rani suka fi fitowa, cikin dare, uwa ta haƙa rami ta zuba ƙwai wajen ɗari ta binne, bayan kamar wata biyu 'ya'yan su fito. Zafin yashi ne ke tsara ko maza ne ko mata, in ya yi yawa mata sun fi yawa. Suna fitowa wajen haske suke nufa, wanda a da teku ne. Yanzu fitilun gidaje sun fi shi haske, sai su juya wa ruwa baya. Aikinka a nan kaɗan ne: hoton sawu da wani abu a gefe don a gane faɗinsa, rana, wuri. Kada ka haska ta da fitilar waya, kada ka tona, don ƙwan da ya yi 'yan awoyi a rami in aka juya shi yakan mutu. Mai dokin nan da na nuna masa inda 'yar tsuntsuwar ke kwanciya, da kansa ya riƙa jan dokinsa ta kan jiƙaƙƙen yashi, kuma ba sisina.

Ayu kuwa da wuya ka gan shi, ruwan lagun ba ya nuna ciki. Da alamu ake binsa: ciyawar gefen ruwa da aka kiwata, kashinsa yana yawo a sama, ɗan hanci da ya ɓullo ya nutse, da abin da masuntan Egun da Ilaje za su gaya maka in sun yarda da kai. Ɗa guda yake haifa bayan cikin kusan shekara, don haka kowanne da aka kashe ya bar giɓi. Dokar kare dabbobi masu ƙarewa ta 1985 ta hana kama shi da cinikinsa. Mu kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, kasuwar man ayu da yawanta a hannunmu take. Na ƙarya damfara ne, na gaske kuma rai ne ya tafi.

Gawa kada ka taɓa da hannu. Murar tsuntsaye da muka fara ji a gonakin kaji a Kaduna a 2006 ta shiga tsuntsayen teku: a 2022 ta sa aka rufe Farne ga baƙi, a 2023 ta kashe tsattsewar teku dubbai a Senegal da Gambiya. A 2024 kuma aka tabbatar da cutar haukan kare a jikin karnukan tekun Afirka ta Kudu. In ka tarar da matattu da yawa wuri guda, ka ƙirga, ka ɗauki hoto daga nesa, ka sanar da likitocin dabbobi na jiha.

Digiri ba sharaɗi ba ne. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, mai cibiyar Lekki da aka kafa a 1990, tana cikin masu shirya ƙidayar tsuntsayen ruwa ta watan Janairu, wadda ake yi a duniya tun 1967, kuma hannu ake nema. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI ta Jami'ar Jos tana tafiyar da shirin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015: an yanka ƙasar gida-gida, kowanne kamar kilomita tara a kowane gefe, ka yi aƙalla awa biyu a ciki kana shigar da abin da ka gani a manhajar BirdLasser. Akwai wata manhajar ma mai suna eBird. Littafin da ya tsaya a ƙarƙashin katifarka ba ya amfanar kowa, saboda haka duk fita ka shigar a ranar. Fita uku ko huɗu na farko ka bi wanda ya iya, don tsattsewar teku in ta sauya gashin cin rani har gwanaye tana ruɗawa.

Kaya ba su da yawa. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya isa, ko na hannu ne, ka riƙa goge masa gishiri in ka dawo. Jirgi marar matuƙi ka manta da shi, yana bukatar izini kuma yana tarwatsa garke. Tarkwa Bay sai da kwalekwale, daga CMS ko Falomo, kamar minti ashirin. Ka ɗaura rigar ruwa, ka dawo kafin magariba. Wajen akwai ma'ajiyar mai da jami'an tsaro, don haka ka riƙe katin shaida, ka gaishe su, ka faɗi abin da ya kawo ka kafin ka ɗaga madubi, haka ma Baale, wato mai gari, in ƙauyen masunta ne. Kada ka shiga ruwa ko iya gwiwa, igiyar Legas tana ja ta ƙasa, kuma yawancinmu a kududdufi muka koyi iyo. Kada ka je kai kaɗai. Hula, ruwan sha, ƙaramin littafi a cikin leda, da fensir biyu, don biro ba ya kama jiƙaƙƙiyar takarda.